Tofin da Na Yi wa Cibiyar 'Yata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, domin abin yana nan a naɗe cikin wayoyin dangina, daga Hunkuyi har Ikara. Duk taron biki ko na suna sai an samu wanda ya kunna shi, a yi dariya har da tafawa, sannan a juyo a gaishe ni cikin ladabi kamar ba a yi komai ba.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, shirin lafiya nake gabatarwa. Aikina shi ne in ɗauko maganar likitoci in wanke ta, in tace ta, in miƙa wa mai sauraro cikin Hausar da zai gane ko yana kan keke ko yana bakin gona. An san ni da tsanaki. Ba na furta kalma sai na auna ta, kuma ba na son rabin aiki. Na yi shirye-shirye da yawa a kan wanke hannu, da rufe baki lokacin tari, da yadda bakin ɗan Adam yake cike da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. (Ku riƙe wannan da kyau, zai yi amfani nan gaba.)

Ina da taubashiya, Bilki, 'yar Kawuna da ke Ikara. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Ita tana kirana Malam Rediyo, ni kuma ina kiranta Likitar Ƙwari, saboda duk karatun da ta yi ba ta duba marar lafiya, kullum tana sunkuye a kan madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. A wani ɗakin bincike take aiki a Zariya, kuma abin da ta sa a gaba shi ne hawan jinin da ke kama mata masu juna biyu, wanda idan ya yi tsanani yake kai su ga jijjiga.

Yadda ta yi mini bayani shi ne: kowace jijiyar jini a jikin mutum tana da shimfiɗa daga ciki, siririya ƙwarai, ta ƙwayoyin halitta da suka jeru suka manne da juna. Su ne ke gaya wa jijiya ta saki jiki jini ya wuce, ko ta tsuke. Idan suka rikice, jini ya hau, zuciya ta shiga wahala. Don a gane abin da ke rikita su, sai an same su da rai an rena su a faranti. Ba kuwa za a yanka mutum a ɗebo ba. Amma akwai jijiya guda da ake haihuwar kowane jariri da ita, wadda aikinta ke ƙarewa ranar haihuwa: ta cikin igiyar cibiya. Bilki tana so ta kwatanta ƙwayoyin cibiyar jariran da iyayensu mata suka yi hawan jini da na waɗanda ba su yi ba, ta ga ko ciwon uwa yana barin tabo a jijiyar ɗa.

Matsalar ita ce samun cibiyar. A wajenmu mabiyiya da abin da aka yanke na cibiya ba shara ba ne. Wanke su ake yi, a naɗe, a binne a gida, kuma tsofaffin mata ba sa wasa da wannan. Bilki ta zagaya asibitocin Ikara da Makarfi da Kudan tana roƙo. Ta samu kaɗan daga matan da suka haihu lafiya, amma daga waɗanda suka sha wahalar hawan jini, wato ainihin waɗanda take nema, ba ta samu ko ɗaya ba. Wanda matarsa ta tsallake rijiya da baya ba ya son a zo masa da zancen yankan cibiya. Lokacin da aka ba ta na kammala wannan sashe na aikin kuma yana ta ƙurewa.

Ana nan sai matata Hajara, 'yar Makarfi, ta shiga watanta na ƙarshe. Ƙafafu suka kumbura, kai ya riƙa sara mata, ta fara gani dishi-dishi. Aka auna ta a Makarfi, aka ce mu wuce Zariya ba tare da ɓata lokaci ba. Ba na son tuna wannan tafiya. Allah dai ya taimake mu, ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace.

Tun kafin haihuwar Hajara ta riga ta ba Bilki amsa. Cewa ta yi, "In dai abin da ya same ni zai sa a gano maganin da zai hana ya sami wata, ki ɗauka, Anti Bilki. Me zan yi da shi?" Ni ma na amince, har ina rawar jiki. Wadda ta rage ita ce Inna, mahaifiyata, wadda ta taho daga Hunkuyi da sabon ƙyalle da sabulu domin ta tafi da mabiyiyar gida.

Bilki ta durƙusa a barandar asibitin ta gaishe ta, ta tambayi gida da gona da gajiyar hanya, sannan ta shigo da bukatarta a hankali.

"Gwaggo, ba duka ba fa. Ɗan guntu ne, bai fi tsawon tafin hannu ba."

"Ke Bilki, ki ji tsoron Allah. Jiya kin hana ni dama wa surukata kunun kanwa, na haƙura. Yau kuma jikata za ki gutsura ki kai ofis?"

"Ba jikarki ba ce, Gwaggo, cibiya ce."

"To cibiyar ta wace ce? Ta maƙwabta?"

Aka daɗe ana ja. Na sa baki da irin muryar da nake karanta labarai da ita, Inna ta dube ni ta ce in ajiye mata wannan muryar a gidan rediyo. Daga ƙarshe Hajara ce ta roƙe ta daga kan gado, ita kuwa Inna tana jin nauyin surukarta. Ta yarda. Amma da Bilki ta tafi da ɗan guntun a cikin kwalba mai sanyi, sai Inna ta ja ni gefe.

"Abin da zan binne zan yi masa addu'a da bakina. Wancan da aka tafi da shi fa, wa zai yi masa? Ka je inda aka ajiye shi, ka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ka tofa masa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Ban gaya wa Bilki ba, don na san sai ta shekara tana yi mini dariya.

Bayan 'yan kwanaki, an sallami Hajara mun koma Hunkuyi ana shirin suna, sai ga wayar Bilki. Ban taɓa jin muryarta haka ba, kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Malam Rediyo, sun kama! Sun manne, suna yaɗuwa! Zo ka ga 'yarka tana aiki tun ba a raɗa mata suna ba!"

Na ce ina zuwa, kuma da rakoda zan zo, domin wannan shiri guda ne. Kafin in fita Inna ta dama mini fura da kindirmo mai kauri, ta tsaya a kaina sai da na shanye kwanon tas, ta kuma tuna mini da saƙonta. Na hau mota ina murna, ina tsara yadda zan buɗe shirin.

A ƙofar ɗakin binciken aka shirya ni kamar mai shiga tiyata. Na wanke hannu, aka ba ni farar riga, da safar hannu, da takunkumi, da wata hular leda da aka ɗora a kan hulata. Bilki ta fesa wa safar hannun wani ruwa mai warin asibiti, ta fesa wa rakodar tawa ma. Na danna maɓalli na fara naɗa.

Ta buɗe wani akwati mai kama da injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda ta ce ɗuminsa daidai yake da na jikin mutum. Ta ɗauko farantin roba mai murfi, mai ramuka jere kamar na dara, kowane rami da ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta ɗora a ƙarƙashin madubi, ta ce in duba.

Jama'a, na duba. Da farko haske kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Sun jeru gefe da gefe, kowace da ɗan ɗigo a tsakiya, sun yi shimfiɗa kamar daɓen tsakuwa da ƙwararrun mata suka buga. A bakin shimfiɗar akwai waɗanda suka miƙe suna neman 'yan uwansu. Ta nuna mini wata da ta dunƙule tana shirin rabuwa biyu.  'Yata tana can Hunkuyi tana barci a bayan kakarta, ga kuma wani yanki nata a nan yana raye, yana ci, yana hayayyafa. Na manta da tambayoyin da na shirya, sai "Allahu Akbar" nake ta maimaitawa, ni da ake yabo da cewa ba na rasa abin faɗa.

Bilki ta riƙa zuba bayani, ni kuma ina tura mata rakoda. Ta ce waɗannan ƙwayoyin suna fitar da wata iska 'yar mitsitsiya wadda ke sa jijiya ta saki, kuma za ta auna ko na 'yata suna fitar da ita kamar na sauran jarirai. Ta ce a cikin kowace ƙwaya akwai umarnin gado da aka rubuta, wasu a buɗe ana aiki da su, wasu a rufe, za ta duba waɗanne ne ciwon Hajara ya buɗe ko ya rufe. Ta ce ta cire maganin kashe ƙwayoyin cuta daga ruwan da take ciyar da su, don kada ya gurɓata mata awo, saboda haka yanzu ba su da wani mai tsaro sai murfin nan da tsabtar hannunta. Ta ce gobe za ta raba su, ta daskarar da wasu a ajiye, daga nan hankalinta ya kwanta. (Duk wannan da kunnena na ji shi. Yana cikin rakoda. Ba ni da hanyar musu.)

Sai aka ɗauke wuta.

Wani abu ya fara ƙara a ɗakin da ke kusa, ɗit, ɗit, ɗit. Bilki ta ce firjin ajiya ne, bari ta tabbatar an juya shi zuwa janareta. Ta nufi ƙofa da sauri, ta waiwayo ta ce, "Kada ka taɓa komai." Na ce haba, sai ka ce yaro.

Na tsaya ni kaɗai, ni da farantin, da saƙon Inna. Na sa yatsa na danna rakoda don in tsayar da ita, ko in ce na ɗauka na danna, domin yatsan yana cikin safa. Na matsa kusa. Niyyata ta farko mai kyau ce: in karanta daga inda nake, in hura ta cikin takunkumi, shi ke nan. Amma sai wannan hali nawa na rashin son rabin aiki ya motsa. Na ce a raina, tofin da takunkumi ya tare, murfi ya tare, ina ya je? Idan Inna ta tambaye ni ko ya isa, me zan ce? Ni ban saba ba da rahoton abin da ban tabbatar ba. Na kuma lallashi kaina da cewa tofi ai iska ce kawai, ba yawu ba, kuma ɗan lokaci kaɗan ne.

Na ja takunkumi ƙasa. Na karanta abin da aka ce in karanta. Na ɗaga murfin da yatsu biyu, cikin natsuwa irin ta masana, na bi ramukan nan na tofa musu, ban bar ko ɗaya ba don kada a yi rashin adalci. Na mayar da murfi, na mayar da takunkumi. Wuta ta dawo. Wani irin farin ciki ya rufe ni: na sauke nauyin uwa, na ga abin al'ajabi, ga shiri mai kyau a hannu. Har na gyara murya na gwada yadda zan rufe shirin, kafin Bilki ta shigo ta mayar da farantin cikin akwatinsa. Muka rabu tana cewa in gaida Gwaggo, sai ta zo suna.

Da na koma gida Inna ta tambaye ni, na ce an yi, kuma ya isa inda ake so. Ta sa mini albarka.

Ranar suna gidanmu ya cika. Dangin Hajara sun zo daga Makarfi da ɗaurin rake da mazarƙwaila, su Kawu sun zo daga Ikara. Da safe aka raɗa wa yarinya suna Safiya, aka yi addu'a, aka raba goro. Zuwa hantsi maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, an ajiye lasifikar haya a zaure yadda kowane ɓangare zai ji. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya zo yi mini barka sai na ba shi labarin daɓen tsakuwa. Kawu, wanda bai taɓa fahimtar aikin 'yarsa ba, ya ce, "Kai ɗan nan, ka ishe mu da baki. Ba ka ce ka naɗo ba? Sa mana mu ji da kunnenmu."

Abin da nake jira ke nan. Hidimar suna ba ta bar ni na saurari naɗin ba, balle in gyara shi, amma na san abin da ke ciki, ko in ce na ɗauka na sani. Na haɗa rakoda da lasifika, na ƙure murya. Gida ya yi tsit. Muryar Bilki ta cika unguwa tana bayanin jijiyoyi, Kawu yana gyaɗa kai yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "'Yata ce fa. Ta wajena."

Ana cikin haka sai ga Bilki ta sauko daga mota. Tun daga nesa na ga ba daidai take ba. Ba ta tsokane ni ba, wannan kaɗai ya isa alama. Ta gaida su Kawu, ta yi mini barka, sannan ta ce in zo. Muka tsaya a bakin zaure, kusa da lasifikar.

"Yaya," in ji ta. (Rabon da ta kira ni Yaya tun rasuwar kakarmu.) "Ban so in faɗa maka yau ba, amma na kasa riƙewa. Sun mutu."

"Su wa?"

"Ƙwayoyin Safiya. Washegarin zuwanka na buɗe akwati na tarar ruwan ya koma rawaya, ya yi kauri. Duka ramukan. Ban kai ga daskarar da ko ɗaya ba." Idonta ya ciko. "Na zubar da duk ruwan abincinsu, na wanke ɗakin tun daga sama har ƙasa, na tsayar da aikin kowa. Na rasa inda na yi kuskure. Hajara ta amince da ni, Gwaggo ta amince da ni, na kashe abin da hannuna."

Na tuna da murfin nan da na ɗaga.

"Abin da ya fi ɗaure mini kai," ta ci gaba, "da muka duba abin da ya cinye su, akwai irin ƙwayoyin da ke zama a bakin mutum, to wannan na ce ko takunkumina ne ya zame. Amma har da masu kama da na nono. Nono fa, Yaya! Ni da ko shayi ba na bari a shiga da shi. Ta ina nono ya shiga ɗakina?"

Zan so in ce muku nan take na buɗe baki na faɗi gaskiya. Ina cikin tattara kalmomin ne, ina auna su kamar yadda na saba, ina neman wadda za ta fi sauƙin haɗiya, sai na ji lasifika ta ce ɗit, ɗit, ɗit.

Daga nan muryar Bilki, tar, har bakin titi: "Kada ka taɓa komai."

Sai tawa: "Haba, sai ka ce yaro."

Ƙofa ta rufe. Na jira in ji naɗin ya yanke. Bai yanke ba.

Rakodar aikinmu tana da kyau ƙwarai, wannan zan shaide ta. Ta ɗauki takuna. Ta ɗauki ƙarar takunkumi da na ja. Ta ɗauki raɗata, kowane harafi a fili, har wasu dattawa a kan tabarma suka ɗaga hannu suna bina, don sun ɗauka addu'ar rufe shiri ce. Sai wata 'yar ƙara, ƙwas, ta murfin roba. Na yunƙura zan zare wayar lasifikar, Bilki ta riƙe hannun rigata ba tare da ta dube ni ba.

Tuf. Tuf. Tuf.

Aka ɗan yi shiru, ashe layi na biyu na koma.

Tuf. Tuf. Tuf.

Dattawa suka shafa, suka ce amin. Sannan aka ji na yi gyaran murya, na saki muryar nan tawa ta labaran ƙarfe bakwai:

"Masu sauraro, a wannan ɗaki tsabta ita ce gaba da komai. Nan wuri ne da ko numfashi ba a yin sa da ganganci."

Ban san tsawon lokacin da Bilki ta ɗauka tana kallona ba. Ni dai ƙasa nake kallo, ina karanta sunan kamfanin da ya yi takalmina. Da ta yi magana, a hankali ta yi, amma lasifika ta riga ta yi shiru, kowa ya ji.

"Me ka ci kafin ka zo?"

"Fura."

"Da me?"

"Da kindirmo."

Ta saki rigata, ta zauna a kan dakalin zaure, ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, na durƙusa ina ba ta haƙuri, ashe kukan ne da dariya suka haɗu suka rasa wanda zai fita. "Kwana biyu ban ci abinci ba," take cewa, "ina zargin hannuna, ashe Malam Rediyo ne ya yi wa aikina feshin fura!"

Kawu ya matso yana tambaya me ya faru. Aka yi masa bayani. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ba kai ne kake hana mu tari a masallaci ba?" Nan ƙofar gida ta fashe. Labari ya tsallaka zaure ya shiga cikin mata, na ji tasu dariyar ta taso kamar an zuba ruwa a mai. Daga ɗakin mai jego Hajara ta aiko a gaya mini wai in taimaka kada in zo yi wa jaririya addu'a sai na sa takunkumi.

Sai ga Inna ta fito har zaure, abin da ba ta saba yi ba idan akwai maza a waje. Na ji sanyi a raina, na ce ga mai cetona ta zo, ai ita ta aike ni. Bilki ta share ido ta yi mata bayani: abin ya mutu, kuma ba za a sake samun wata cibiyar Safiya ba har abada. Inna ta saurara har ƙarshe. Na ga abin ya taɓa ta. Sannan ta juyo gare ni.

"Ni na ce ka tofa. Na ce ka buɗe?"

"Inna, na ga kamar murfin zai tare..."

"Addu'ar da ke ratsa sammai bakwai ita ce murfin roba zai tare? Kai wane irin karatu ka yi?"

 

Ta kama hannun Bilki ta ja ta cikin gida. Abin da ya faru a can Hajara ce ta ba ni labari. Inna ta tsaya a tsakiyar mata ta ce ɗanta ya yi wa 'yar ɗan'uwanta ɓarna, kuma a gidansu ba a barin ɓarna ba gyara. Ta ce ita da kanta ta ba da cibiyar jikarta, ga jikar nan lafiya lau tana shan nono, babu abin da ya ragu a jikinta. Ta ce duk mai ciki, musamman wadda ƙafarta ke kumbura, ta je awo, kuma ta saurari abin da Bilki za ta faɗa. Bilki ta karɓa ta ce babu dole, sai mace ta ji ta gane ta yarda, ita da mijinta. Wata 'yar uwar Hajara daga Makarfi ta tambaya ko za a riƙa yi wa nasu addu'a kamar yadda aka yi wa na Safiya. Bilki ta ce za a yi, amma daga bayan gilashi, kuma ba wannan malamin ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne naɗin nan ya yi aikin da shirye-shiryena masu tsari ba su taɓa yi ba. Ashe ranar sunan wani ya ɗauke shi a wayarsa. Wannan ya tura wa wancan, ya zagaya Kudan da Likoro, ya kai Ikara. Mutane suna saurara don su ji tuf tuf, amma kafin su kai wurin sai sun ji bayanin Bilki gaba ɗaya. Ta ce mini yanzu idan ta shiga asibiti ba ta fara dogon bayani, sai a ce, "A'a, ke ce ta farantin nan?" Kafin lokacinta ya cika ta samu cibiyoyin da take nema, daga matan da suka sha irin wahalar Hajara. An ƙara mata ɗan lokaci ta cike abin da na rushe, ta kuma cike. Abin da ta gano ba ni zan faɗa ba, ta ce aikin bai kai a yi shela ba tukuna, ni kuma na koyi barin abin da ba a ce in taɓa ba.

Na Safiya dai sun tafi. Wannan yana yi mini ciwo har yanzu, don da ita ce ta farko a jerin. Idan ta girma ta tambaya, zan gaya mata cewa ta fara aikin bincike tun tana cikin tsumma, mahaifinta ne ya kore ta daga aiki.

Na sake komawa ɗakin binciken sau ɗaya. A ƙofa Bilki ta ba ni takunkumi biyu, ta ce in haɗa, sannan ta tambaye ni abin da na karya da shi. Na tsaya a bayan gilashi, hannuwana a baya, na yi wa farantan addu'a a zuci. Darasin da na ɗauka ke nan: idan aka aike ka, ka tsaya inda aiken ya tsaya, cikawar da ba a nema ba ita ce ta kashe mini ƙwayoyin 'yata. Kuma duk wanda zai tsayar da rakoda, ya cire safar hannu tukuna.